Littafin da Yaro Ke So, da Wanda Uba Ke Saye, da Wanda Malami Ke Kullewa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji huɗu na firamare a ƙasar Gaya ko ta Ajingi ya san irin tambayoyin da suke jefowa idan sun saki jiki da shi. Me ya sa gawo yake kakkaɓe ganyensa da damina, lokacin da sauran itatuwa suke tofo? Me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa? Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi? Ina ruwan kududdufi yake tafiya idan rani ya kama? Bayan shekara biyar sai ka sake haɗuwa da wannan yaro a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Ka tambaye shi mene ne kimiyya, sai ya karanto maka jimlar Turanci da ya haddace daga allo, ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Ba ya ƙara tambayar komai. Tsakanin aji huɗu da wannan rana an yi asarar wani abu mai daraja, kuma a ganinmu babban ɓangare na asarar yana da nasaba da littafin da yaron bai taɓa riƙewa ba.

Ba littafin manhaja muke nufi ba, ko da yake shi ma bai wadata ba. Muna nufin ɗan littafin nan mai hoto da labari, wanda yaro zai ɗauka da kansa ba don an ce za a yi jarrabawa ba, ya kwanta a tabarma ya karanta labarin tururuwa da gidanta, ko na wata da taurari, ko na yadda jini yake zagaya jikin mutum. Irin wannan littafi shi ne baƙo a yawancin makarantunmu da gidajenmu. Da muka dubi dalili, sai muka ga mutane uku ne ke da hannu a karatun yaro, wato shi kansa da mahaifinsa da malaminsa, kuma kowannensu littafi dabam yake nufi idan an ce littafin kimiyya.

Mu fara da yaro. Ana yawan cewa yaran yanzu ba sa son karatu, mu kuwa ba mu yarda da wannan hukunci ba. Ƙasar Kano ce ta haifi adabin nan da ake kira adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, inda 'yan mata da samari suka riƙa hayar littattafan labarai suna karantawa dare da rana, suna miƙa wa juna har bango ya yage. Yau ma ana bin irin waɗannan labarai a WhatsApp, babi bayan babi. Al'ummar da ta yi haka ba za a ce mata ba ta son karatu ba. Abin da muke gani a aji shi ne, idan aka ajiye wa yara littattafai, hannunsu yana fara kaiwa ga mai hoto mai launi, sannan ga mai labarin dabbobi, sannan ga wanda ya yi magana a kan abin da suka sani: akuya da raƙumi, sauro da kunama, keke da babur da fitilar sola. Suna son a fara da tambaya, a ja musu rai kaɗan, sannan a ba da amsa. Suna son abin da za su gwada da hannunsu idan sun koma gida. Sama da komai, suna son harshen da suke ji. Yaron da yake tuntuɓe a kowace kalma ta uku ba zai kai ƙarshen shafi ba, komai kyan hotunan da ke ciki.

Mahaifi kuwa lissafinsa dabam ne, kuma ba mu ga laifinsa ba. Manomin da ya sayar da 'yan kwanukan wake don ya yi wa yara hidimar komawa makaranta, yana so kowace naira ta yi aiki. Idan zai sayi littafi, zai sayi wanda malami ya rubuta a takarda, ko ƙunshin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, domin shi ne yake ganin amfaninsa a fili. Littafi mai hoton giwa da taurari a wurinsa kayan wasa ne, abin 'ya'yan masu hali. Wasu iyayen kuma suna ganin littafin Hausa koma baya ne, tunda da Turanci ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Akwai kuma uwa, wadda ita ce take tare da yaro daga la'asar zuwa dare, amma ba kasafai ake tuntuɓarta a maganar littafi ba, alhali da dama daga cikin iyaye mata suna karanta Hausa da boko ko da ajami, kuma su ne suka san tatsuniyar da take hana yaro barci.

Sai mu malamai, kuma a nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu littafin da muke so shi ne wanda ya bi manhaja mako bayan mako, wanda za mu kwafi bayani daga cikinsa mu zuba a allo, yara su kwafa, mai duba aiki ya zo ya ga an cika rajista. Da yawa daga cikinmu rabonmu da karanta wani abu na kimiyya don jin daɗi tun muna kwalejin horon malamai. Akwai makarantun da aka taɓa kawo musu kwalin littattafai, amma har yau yana cikin kabad a ofishin shugaban makaranta, a kulle, saboda tsoron kada a zo ƙidaya a tarar ɗaya ya ɓata ko ya yage, a ce shi zai biya. Gara ta ci wasu, ruwan da ya yoyo daga rufi ya lalata wasu, ba tare da yatsan yaro ko ɗaya ya taɓa su ba. Tsoron shugaban makarantar yana da dalili, amma sakamakon abin kunya ne gare mu baki ɗaya.

To, mene ne abin da za a rasa idan aka ci gaba a haka? Jihar Kano ta yi fice a Najeriya da makarantun sakandare na kimiyya tun 1977, lokacin da aka buɗe na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa da jihar take alfahari da su. A nan Gaya muna da Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule. A Wudil, maƙwabciyarmu, akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ƙofofin suna kusa da mu, amma da jarrabawa ake shiga, kuma yaron ƙauyenmu yana gogayya ne da ɗan birni wanda ya tashi cikin littattafai. Idan bai samu shiga ba, gobe asibitin ƙauyen zai ci gaba da jiran ma'aikaci daga nesa, matanmu za su ci gaba da neman ungozoma mai horo da likita mace ba su samu ba, makarantunmu kuma za su ci gaba da rasa malamin lissafi da na kimiyya ɗan gari wanda ba zai nemi canjin wurin aiki bayan zango ɗaya ba.

Har wanda ba zai je jami'a ba yana da rabo a wannan magana. Yarinyar da ta karanta cewa tsargiya tana bi ta jikin wata 'yar katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, za ta hana ƙanenta wanka a kududdufi. Yaron da ya fahimci cewa saiwar wake da ta gyaɗa suna ɗauke da wasu ƙananan halittu masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, zai gane hikimar kakansa da yake haɗa gero da wake a gona ɗaya, ya kuma san abin da zai yi idan taki ya yi tsada. An tabbatar da Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013, kuma babban makamin da aka yi yaƙin da shi shi ne fahimtar da mutanen karkara cewa daga ruwan sha cutar take shiga, a tace shi kafin a sha. Ilimi kaɗan da ya zauna a kan mutum yana ceton rai.

Kada wani ya ce mana kimiyya baƙuwa ce a wannan ƙasa. Tarihin da muka gada daga kakanni ya ce maƙera ne daga Gaya suka tafi Dutsen Dala neman tama, kuma zuriyarsu ce ake kira Abagayawa a birnin Kano. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7 na miladiyya. Mutumin da ya san dutsen da ke ɗauke da ƙarfe, ya san gawayin da ya dace, ya san yadda zai sarrafa zuga-zugi har wuta ta kai zafin da ake bukata, ya yi nazari ya yi gwaji, ko da bai rubuta ba. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine, ya wallafa littafi a kan lissafi a ƙarni na 18, ya rasu a Alƙahira a 1741. Manomanmu suna duba Kaza da 'Ya'yanta a sama su san inda shekara ta kai. A zamaninmu kuma, a Dutse da ke gabas da mu, wani malami mai suna Mohammed Bah Abba ya ɗauki tukunya ya sa a cikin wata tukunyar, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya samar da firijin da ba ya bukatar lantarki, wanda yake ajiye tumatir da yalo da alayyafo kwanaki masu yawa ba su lalace ba. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Sirrin abin shi ne amsar tambayar ɗan aji huɗun nan a kan randa: ruwan da yake tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, kuma yana tafiya da zafi. Yara nawa ne a Gaya da Ajingi suka taɓa karanta labarin wannan malami da Hausa?

Haka nan rubuta kimiyya da Hausa ba sabon abu ba ne. A Zariya, Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah, littafi a kan halittun duniya iri-iri, wanda tsofaffin malamanmu da yawa suka taso da shi. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi tafiya a sararin samaniya. Sunan littafin farko ma ya isa amsa ga mai fargabar cewa kimiyya za ta raba yaro da addininsa, domin duba halitta da tunani a kanta abu ne da malamanmu na addini suka daɗe suna kwaɗaitarwa. Abin takaicin shi ne, hanyar da waɗannan magabata suka share ba a ci gaba da bin ta yadda ya kamata ba. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa na 'yan shekarun nan, irin su Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi da RANA a Katsina da Zamfara, sun nuna ana iya samar da littattafan yara masu kyau da harshenmu. Sai dai yawanci a azuzuwan farko suke tsayawa. Yaron da ya iya karatu a aji uku yana bukatar abin da zai karanta a aji huɗu da biyar da shida, in ba haka ba an ba shi fartanya ne ba a ba shi gona ba.

Mun san uzurorin da za a kawo, kuma ba mu raina su ba, domin mu ne muke rayuwa a cikinsu. Za a ce ajin da yara suke zaune a ƙasa, rufi ya yaye, malami ɗaya yana fama da taron da ya fi ƙarfinsa, ina shi ina littafin nishaɗi? Wannan ƙungiya tun kafuwarta a 1931 take fafutukar albashi da ƙarin girma da mutuncin malami, kuma ba za mu sassauta ba. Amma ba mu ga dalilin da zai sa a jingine littafi har sai an gama gini ba. Akwatin ƙarfe guda mai ɗauke da littattafai talatin ko arba'in bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba, kuma a gindin darbejiya ma ana iya buɗe shi. A ƙasar Malawi, wani yaro mai suna William Kamkwamba ya bar makaranta saboda yunwa ta hana iyayensa biyan kuɗi. A wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu na makarantar firamare ya ci karo da littafi a kan makamashi mai hoton farfelar iska a bangonsa, kuma yana ɗan shekara 14 ya harhaɗa tarkacen keke da ƙarafa ya samar wa gidansu lantarki. Ɗakin karatun ba wani babba ba ne. A buɗe yake, shi ke nan.

Za a kuma ce Turanci ne harshen jarrabawa. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar shi ba. Amma a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukan darussa, har da kimiyya da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ana koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Manufar gwamnati a kan harshen koyarwa tana iya juyawa daga wannan minista zuwa wancan, amma babu wata doka da ta hana yaro karanta littafin Hausa a kan walƙiya. Wanda ya riga ya fahimci cewa haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sauti kuwa yana ɗaukar kusan daƙiƙa uku kafin ya ci kilomita ɗaya, idan ya haɗu da wannan darasi da Turanci, kalmomi kawai suka rage masa ya koya. Za a ce kuma wayar hannu ta kashe littafi. Mu a ganinmu ana iya sa ta aiki. Shafukan intanet irin su African Storybook da StoryWeaver suna ɗauke da littattafan yara na Hausa kyauta, wasunsu a kan halittu da lissafi, kuma an yarda a sauke su a buga. Malami ɗaya mai waya, da injin buga takarda na bakin kasuwa, sun isa a fara.

Saboda haka muna kira ga ɓangarori huɗu. Na farko, gwamnatin jiha, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Muna yaba duk wani aji da aka gyara da duk wani malami da aka ɗauka. Muna roƙon Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta sanya littattafan karatun sha'awa na kimiyya, na Hausa da na Turanci mai sauƙi, a cikin kayan koyarwar da take saye, ta kuma fitar da umarni a rubuce cewa littafin da ya yage a hannun ɗalibi ba laifin shugaban makaranta ba ne. Wannan takarda guda za ta buɗe kabad masu yawa. Muna kuma roƙon Hukumar Ɗakunan Karatu ta jiha ta tuna cewa yaron Ajingi ba zai iya zuwa Laburaren Murtala Muhammad a birni ba, sai dai littafin ya zo masa.

Na biyu, masu ilimin da wannan ƙasa ta haifa: likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya. Kowane ɗayanku ya tuna makarantar firamaren da ya fara zama a cikinta. Ku kawo mata akwatin littattafai, kuma wanda Allah ya ba shi baiwar alƙalami ya rubuta mana shafi ashirin a kan fanninsa da Hausar da ɗan shekara goma zai gane. Wannan ita ce sadaka mai gudana.

Na uku, iyaye. Ba mu ce ku bar sayen littafin manhaja ba. Muna roƙon idan yaro ya zo gida da littafin aro, a ba shi rabin sa'a kafin a aike shi talla ko kiwo, a kuma ce ya karanta a fili kowa ya ji. Idan ya yi tambayar da ba ku da amsarta, kada a ce masa ya cika surutu, a ce ya kai wa malam gobe. Kuma a ba 'ya mace wannan dama daidai da ɗa namiji, domin ita ce likitar da kuke nema wa matanku.

Na huɗu, mu kanmu, kuma namu ya fi na kowa nauyi. Muna ba da shawara ga kowane ɗan ƙungiya a rassanmu na Gaya da Ajingi ya ɗauki abubuwa uku da ba sa bukatar izinin kowa. A buɗe kabad a wannan zango, a ƙirga abin da ke ciki, a ɗora wa ɗalibai biyu, mace da namiji, alhakin rajistar aro. A ware minti ashirin a mako, malami ya karanta wa aji wani abu na kimiyya da murya mai daɗi, ba tare da an ce a kwafa ko za a yi gwaji a kai ba. Sannan kowane malami ya ajiye littafin rubutu guda, ya riƙa tattara tambayoyin da yara suke yi masa. Idan muka haɗa waɗannan tambayoyi daga makarantunmu a ƙarshen shekara, muka zauna da malaman kimiyya na sakandare muka amsa su da Hausa mai kyau, to mun samu littafin da yaro zai so domin tambayarsa ce, uba zai yarda da shi domin malamin ɗansa ne ya rubuta, mu kuma ba za mu kulle shi ba domin namu ne. Wannan mujalla a shirye take ta riƙa buga tambaya ɗaya da amsarta a kowace fitowa, kuma muna jiran abin da za ku aiko.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan aji huɗun da yake tambayar gawo a bana ba zai jira mu gama taro da rubuta takardu ba, baɗi war haka ya ƙara girma, tambayoyinsa kuma sun ragu. Mu sa masa littafi a hannu tun yana tambaya. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.